A Buɗe wa Mata Ƙofar Komawa Aiki

Zuwa ga Edita,

Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun ƙara wa ma'aikatan gwamnati mata hutun haihuwa zuwa wata 6. Abin a yaba ne, domin dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 kawai ta tanada. Sai dai wannan gata na wadda ke kan aiki ne. Ina labarin macen da ta ajiye aikin gaba ɗaya saboda reno, ko jinyar iyaye, ko canjin garin mijinta?

Idan ta waiwayo bayan shekaru, sai ta tarar an sa iyakar shekarun haihuwa a tallan aiki, kwamfuta ta sauya salo, lasisinta kuma ya ƙare. Ungozoma da malamar makaranta suna cikin masu shan wannan wuya, alhali asibitocin karkara da makarantun 'yan mata a Arewa kukan rashinsu suke yi. Wannan asara ce ga kowa.

Ana iya magance ta. A 2008 bankin Goldman Sachs na Amurka ya fara ɗaukar waɗanda suka daɗe da ajiye aiki, na 'yan makonni, yana biyansu yana sabunta musu horo. Gwamnatin Birtaniya ma ta ware fam miliyan 5 a 2017 don irin wannan shiri.

Ya kamata ma'aikatun lafiya da ilimi na jihohinmu su shirya gajeren kwas na sabunta ilimi, su sauƙaƙa kuɗin lasisi, su kuma tanadi ɗakin reno a wuraren aiki.

Daga wata mai karatu, Zariya.