Waiwaye Adon Tafiya: Ranar 17 ga Afrilu

 

Wannan wata rana ɗaya na ɗauko mana, 17 ga Afrilu. A irin wannan rana a 1946 ne sojojin Faransa na ƙarshe suka fice daga ƙasar Siriya, har ta zama ranar bikin 'yancinsu. A 1970 kuma kumbon Amurka Apollo 13, wanda ya samu matsala a hanyar zuwa duniyar wata, ya dawo da mutum ukun da ke ciki da ransu. To amma mu nan Kano, ranar tana da wani nauyi daban.

Ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983, cikin watan Rajab 1403, Allah ya karɓi ran Malam Aminu Kano yana da shekara 62. A gidansa na Gwammaja aka binne shi, wanda a yau ake kira Gidan Mambayya.

Ina yarinya a Rimin Gado lokacin. Maza sun fita sharar gona, sai muka ga suna dawowa tun rana ba ta yi ba, kowa da rediyo a kunne. Gwaggona tana daka, ta ajiye taɓarya ta zauna a ƙasa tana salati. Ban taɓa ganin ta yi wa wanda ba danginmu ba kuka ba sai ranar.

Da na girma na tambaye ta dalili. Ba ta yi mini zancen siyasa ba, zancen akuyarta ta yi. Ta ce shekara biyu a jere ana kama akuyar da ta yi kiwo a kai kasuwa, don a biya wa mai gida haraji kada a wulaƙanta shi a ƙofar dagaci. Sai da jam'iyyar Malam, PRP, ta ci Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, sannan akuyarta ta zama tata.

Ga kuma ƙuri'a. 'Yar uwa, kin san cewa a zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, mu an hana mu? Tun zamanin NEPU, wadda aka kafa a 1950, Malam yake cewa a ba mata ilimi, a ba su ƙuri'a, kuma da hujjar addini yake magana, don malami ne mai tafsiri. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan fafutuka. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara shiga layi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a zaɓen da ya wuce na ga mata a layi, kowacce da ƙullin taliya da sabulu a ƙarƙashin hijabi. Ban zagi kowa ba, yunwa ba ƙanwar lasa ba ce. Amma na tuna Gwaggo, wadda ta yi wanka ta ɗaura zanen sallarta ranar da ta fara zuwa jefa ƙuri'a, ta taka da ƙafa har makarantar firamare.

Idan akwai tsohuwa a gidanku, ki tambaye ta inda labarin rasuwar Malam ya same ta, ki rubuto mana. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Gwaggo da sauran magabatanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.