Sharhi: Ciwon sukari da tukunyar gida a Suleja, ina za a kai tuwo?

A duk ranar 14 ga watan Nuwamba ake gudanar da Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano sinadarin insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921. A jajibirin ranar ta 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa manya masu ɗauke da cutar sun haura miliyan 800 a duniya, adadin da ya ninka na 1990 fiye da sau huɗu.

A Najeriya alƙaluman sun sha bamban. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.6 a rahotonta na 2021, yayin da nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya nuna kashi 5.77 cikin ɗari a faɗin ƙasa, da kashi 3.8 a shiyyar Arewa ta Tsakiya, inda Jihar Neja take. Rahoton na 2021 ya ƙara da cewa fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su san suna da ita ba.

Ga magidancin da ke zaune a Suleja ko Madalla, a gindin Dutsen Zuma, batun ya fi kusa da haka. Likita ya ce masa ya rage abinci mai sitaci, ya dawo gida ya tarar tukunya ɗaya ce ake ɗorawa domin mutum goma, kuma abin da ke cikinta tuwo ne, ko shinkafa, ko doya. Jihar Neja na cikin manyan masu noman shinkafa da doya a ƙasar nan, saboda haka su ne suka fi sauƙin samu a kasuwar IBB da ta Madalla. Dubban ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja kuwa, karin kumallonsu shayi ne da burodi ko koko da sukari, na rana taliya ko shinkafa da lemon kwalba, sannan su wuni a zaune a mota da ofis.

Tsarin cin abinci mai ƙarancin sitaci yana da madogara a ilimi. A 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta bayyana cewa rage yawan sitaci da sukari a abinci shi ne matakin da ya fi samun hujjojin daidaita sukarin jini. Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa a 2021 ya gano cewa masu nau'i na biyu na cutar da suka taƙaita sitaci zuwa ƙasa da giram 130 a rana sun fi samun lafawar cutar bayan wata shida, sai dai amfanin ya ragu da aka kai shekara guda. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne wahalar ɗorewa a kan tsarin, kuma a nan ne darasin yake ga gidajenmu. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da sitaci kimanin giram 28, ma'ana faranti mai giram 400 ya kusa cinye kason yini guda tun kafin a zo maganar tuwon dare.

Da yawa daga cikin masu cutar sun ɗauka cewa mafita ita ce sauya hatsi. Ana barin tuwon shinkafa a koma tuwon alkama ko na acca, ana kuma sayen garin ɗanyar ayaba da tsada. Acca abinci ne mai kyau, kuma hatsin da ba a surfe shi ba ya fi wanda aka cire wa dusa, domin dusar na jinkirta shigar sukari cikin jini. Amma kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyar acca sitaci ne, haka ma alkama da gero da dawa. Wanda ya ci malmala uku ta tuwon alkama bai rage komai ba, illa kuɗin aljihunsa. Haka zancen zuma da dabino da mazarƙwaila: dukansu suna ɗaga sukarin jini, duk da martabar da suke da ita a al'adance da addinance.

Abin da ya fi tasiri shi ne juya lissafin kwano. A al'adarmu tuwo ne abinci, miya kuwa mahaɗi. Masana abinci na ba da shawarar a raba faranti: rabinsa ganye da kayan lambu marasa sitaci, kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki, ragowar kashi ɗayan ne na tuwo ko shinkafa ko doya. A aikace, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannun mai ci, da miya mai yawa. Kicin ɗin Bahaushe bai rasa kayan wannan aiki ba. Akwai miyar kuka da kuɓewa da karkashi da lalo, akwai taushe da alayyahu da yakuwa, akwai agushi da gyaɗa da riɗi da daddawa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, in an bar zuba masa sukarin da wasu ke yi, abinci ne cikakke da kakanninmu suka rayu da shi tun kafin a san kalmar sitaci. Dambu ma ana iya juya shi, zogale da kabeji su rinjayi tsaki. Fate haka nan, ganye ya yi yawa, tsaki ya zama ɗan kaɗan.

Wake na buƙatar a yi masa adalci. Yana da sitaci, amma yana narkewa a hankali, ga kuma furotin, don haka alale da ƙosai da faten wake sun fi burodi da waina nesa ba kusa ba. Awara, wadda ake yi da waken suya, sitacinta kaɗan ne ƙwarai, kuma tana cikin abinci mai gina jiki mafi araha a kowace unguwa. Ɗanwake kuwa sai an lura, domin galibi garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a cikinsa. Kindirmo ba tare da sukari ba, da ƙwai, da busasshen kifi, da yalo da gurji a matsayin abin taɓawa, duk suna cikin abin da ba sai an je kantin zamani na Abuja ba.

Inda aka fi yin asara ba a sani ba shi ne abin sha. Kunu da koko da fura hatsi ne da aka niƙa ya yi laushi, an kuma ƙara masa sukari, don haka yana shiga jini da sauri. Zoɓo ba shi da laifi sai an cika shi da sukari. Lemon kwalba galibi na ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin ya fi dacewa babba ya tsaya a kimanin giram 25 a rana, wato ƙananan cokula shida. Harajin naira 10 a kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha, wanda aka fara karɓa a 2022, hauhawar farashi ta riga ta haɗiye shi, kuma masu fafutukar kiwon lafiya sun daɗe suna neman a ƙara shi, a kuma ware kuɗin domin kula da masu cututtukan da ba a ɗauka.

Sai dai duk wannan shawara tana cin karo da kuɗin cefane. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a Yunin 2024, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma wake da ƙwai na cikin waɗanda suka fi tashi. Sitaci shi ne hanya mafi araha ta cika ciki, shi ya sa talaka ke komawa gare shi idan abubuwa suka yi tsanani. A lokaci guda magani ya yi tsada, bayan da kamfanin GSK ya sanar da sauya tsarin kasuwancinsa a Najeriya a 2023, Sanofi mai yin insulin ya biyo baya. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2024, na janye haraji kan kayan haɗa magunguna, an yi shi ne domin rage wannan raɗaɗi. Mai cutar da ke zaɓi tsakanin sayen magani da sayen kifi ba zai amfana da jerin abincin da aka kwafo daga Turai ba, mai cike da cuku da man zaitun.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya rage tuwo farat ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Mai ciwon ƙoda ba zai ƙara nama da wake yadda ya ga dama ba, mai juna biyu da yaro mai nau'i na ɗaya kuma tsarinsu daban ne. Tunda hawan jini kan tafi tare da ciwon sukari, ƙara miya na nufin sa ido kan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kada a wuce giram 5 na gishiri a rana. Saboda haka sauyin tukunya aiki ne da ya kamata a yi da sanin likita, tare da awon jini kafin cin abinci da kuma awa biyu bayansa, domin awon ne ke nuna wa mutum abin da malmala ɗaya ke yi a jikinsa.

A nan ne ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Neja su duba yadda ake ba da shawara a asibitoci. Yawanci majinyaci ne kaɗai ke zama gaban likita, alhali matarsa ko 'yarsa ce ke riƙe da muciya, shi kuma ke bayar da kuɗin cefane. Idan matar ce ke da cutar, sau da yawa ba ta da ikon sauya abin da za a sayo. Ware wa mutum ɗaya tukunya na nufin ƙarin gawayi ko iskar gas, ga kuma kaɗaicin cin abinci shi kaɗai a gidan da aka saba haɗa hannu a kwano. Tsarin da zai ɗore shi ne wanda gida duka zai ci, a bambanta a wajen rabo kawai, musamman da yake 'ya'yan mai cutar su ma suna cikin haɗarin kamuwa da ita. Babban Asibitin Suleja da cibiyoyin lafiya matakin farko na yankin za su iya gayyatar masu girki zuwa ranar asibitin masu ciwon sukari, a yi musu bayani da Hausa da Gwari, a auna musu da ludayi da kwanon da suke amfani da su a gida.