Wa Zai Ƙirga Mana Auratayyar Jos?



A Dilimi, Gangare da Unguwar Rogo, ba baƙon abu ba ne a ga gidan da uwa ko kaka 'yar Birom ce, ko Jarawa, ko Anaguta. Tun zamanin haƙar kuza ake wannan auratayya. Amma daga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, har zuwa gaishe da surukai sai an yi shawara.

'Ya'yan irin wannan aure su ne a tsaka mai wuya. Wajen neman takardar shaidar asali, wadda ake tambaya a gurbin karatu, tallafin ɗalibai da aikin gwamnati, asalin uba ake bi. Uwa 'yar ƙasa, ɗanta baƙo a garin da aka binne cibiyarsa.

Kullum muna kuka a majalisa, amma hukuma alƙaluma take ji. Ƙidayar 2006 kuwa ba ta tambayi ƙabila ko addini ba.

Mu duba yadda wasu suka yi. A Amurka, Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin baƙar fata da farar fata a 1967. Masana suka bi diddigi, suka gano cewa a shekarar 3 cikin 100 na sababbin ma'aurata ne suka auri wani jinsi, a 2015 kuma sun kai 17. Akwai malaman jami'a da suka ƙare rayuwarsu suna auna yadda irin wannan aure ke shafar ilimi da arziki.

Ko a nan Jos, wani Ba'amurke, Leonard Plotnicov, ya wallafa littafi kan baƙin garin tun 1967. Mu fa? Jami'ar Jos tana nan tun 1975, ga ta kan titin Bauchi, amma in yaro ya samu sashen nazarin zamantakewa sai mu ce ya rasa likitanci.

Kiranmu uku ne. Iyaye su daina raina wannan fanni. Masu hali su haɗa hannu da ƙungiya mu ɗauki nauyin ko ɗalibi ɗaya a ilimin ƙidayar al'umma har digirin digirgir. Dattawa su buɗe wa masu bincike ƙofa, mu kuma karɓi sakamakon ko da ya taɓa namu laifin.

Allah ya zaunar da Filato lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya