Man Shafawa: Tsakanin Kuɗin Sari da Kuɗin Asibiti

Ba laifi ba ne asibitin gwamnati ya ɗora wani abu a kan kuɗin da ya saro magani. Tun bayan shirin Bamako na 1987, asibitoci da dama suna tafiya ne bisa asusun magani mai juyawa, watau a sayar, a mai da kuɗin, a sake saro wani. Tilas a fitar da kuɗin dako da na ajiya, da asarar wanda wa'adinsa ya ƙare. Abin takaicin shi ne, ba a gaya wa majiyyaci nawa aka saro, nawa aka ɗora.

A ɗauki man shafawa irin su hydrocortisone da betamethasone, waɗanda likita kan rubuta wa mai kumburin fata da ƙaiƙayi. Tsofaffin magunguna ne, kamfanoni barkatai suna yin su, kuma ba sa cikin masu tsada a wurin 'yan sari na Kano. Gaskiya ne faɗuwar Naira a 2023 ta ɗaga farashi, haka ma janyewar kamfanin GSK, mai Betnovate, daga sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya. Amma tsadar kasuwa daban, ribar da ta fake a bayanta daban.

Manomin Matsinkai, a ƙaramar hukumar Bagudo, ya riga ya biya kuɗin babur da na kati kafin ya isa tagar magani. In kuɗin ya fi ƙarfinsa, ba zai koma gida hannu rabbana ba, kasuwa zai nufa. Ƙasar kuwa bakin iyakar Jamhuriyar Benin ce, inda kaya kan ratso ta hanyoyin da idon hukumar NAFDAC ba ya kaiwa. Mai tebur ya miƙa masa clobetasol, wanda ya fi na likita ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne ma ake zubawa a man bilicin. In aka daɗe ana shafawa, fata ta yi siriri ta tsattsage. Ragowar kuma a shafa wa yaro mai makero: ƙaiƙayi ya lafa, cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Daga bisani su biyu za su dawo asibitin da aka guje wa.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya a Birnin Kebbi ta ƙayyade iyakar abin da za a ɗora, ta kuma sa a liƙa takarda a kowace tagar magani, da boko da ajami, kuɗin sari da na sayarwa gefe da gefe, a riƙa sabunta ta duk wata uku.