Goresbrook: Yadda ƙuri'a 1,072 ta buɗe wa masu ƙyamar baƙi ƙofa a gabashin Landan

A watan Satumban 2004 aka gudanar da zaɓen cike gurbin kansila ɗaya a wata mazaɓa da ke can gefen gabashin Landan, irin zaɓen da ko jaridun unguwa ba su cika ba shi muhimmanci ba. Cikin kowane mutum goma da ke da rajista, bakwai ba su fita ba. Da aka kammala ƙidaya, sai aka ga ɗan takarar jam'iyyar BNP, Daniel Kelley, ya samu ƙuri'a 1,072, yayin da Labour ta tashi da 602. A wancan lokaci tsarin mulkin BNP bai yarda wanda ba farar fata ba ya zama ɗan jam'iyya.

Sunan mazaɓar Goresbrook, a ƙaramar hukumar Barking da Dagenham. Rabon da BNP ta ci kujera a Landan tun 1993, lokacin da Derek Beackon ya yi nasara a Millwall da ratar ƙuri'a bakwai, ya kuma rasa kujerar a shekarar da ta biyo baya. Yanzu da batun baƙin haure ya sake mamaye siyasar Birtaniya, tarihin wannan 'yar mazaɓa ya cancanci a waiwaye shi, musamman ga dubban 'yan Afirka da suka mayar da yankin gida.

Unguwar da gwamnati ta gina

Goresbrook ta samo sunanta daga wani ɗan rafi da ke ratsa Dagenham ya gangara wajen kogin Thames. An ƙirƙiro ta a matsayin mazaɓa a 1978, kuma akasarinta na cikin kudancin rukunin gidaje na Becontree, wanda hukumar Landan ta wancan zamani ta gina tsakanin 1921 da 1935. Gidaje ne sama da 25,000, aka kwaso musu talakawan ma'aikata daga cunkoson tsakiyar gabashin birnin. Mutumin da ya taso iyalinsa na kwana a ɗaki guda sai ga shi da gida mai ruwan famfo da ɗan lambu gaba da baya. A 1931 kamfanin Ford ya buɗe masana'antar motoci a bakin kogi, wadda a farkon shekarun 1950 take ɗauke da ma'aikata kimanin 40,000. A nan ne mata masu ɗinkin kujerun mota suka yi yajin aikin 1968, wanda ya share fagen dokar daidaita albashin maza da mata ta 1970.

Ke nan gida na hukuma ne, aiki na Ford, ƙuri'a kuma ta Labour. Tun zaɓen farko na ƙaramar hukumar a 1964 babu wata jam'iyya da ta taɓa riƙe ta in ba Labour ba.

Biyu daga cikin waɗannan ginshiƙai sun girgiza. Dokar gidaje ta 1980, a zamanin Margaret Thatcher, ta ba masu haya damar sayen gidajen hukuma a farashi mai rahusa, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba. Waɗanda suka saya da yawa sun sayar daga baya sun koma cikin lardin Essex, wasu gidajen kuma suka faɗa hannun masu ba da haya. A 2002 Ford ya daina haɗa motoci a Dagenham, amma sashen injuna ya ci gaba da aiki. Da yake gidajen yankin su ne mafi arha a Landan, iyalai 'yan asalin Najeriya da Ghana da sauran ƙasashe, waɗanda tsada ta koro daga Hackney da Newham da Southwark, suka riƙa saye ko kama haya a nan. Ƙidayar 2001 ta nuna fararen fata 'yan asalin Birtaniya su ne kashi 81 cikin ɗari na mazauna ƙaramar hukumar. A 2011 sun koma ƙasa kaɗan da rabi, a 2021 kuma kimanin kashi 31.

Tsohon ma'aikacin Ford da 'yarsa ta shekara da shekaru tana jiran a ba ta gidan hukuma, idan ya ga baƙon iyali sun tare a gidan da ke maƙwabtaka da shi, daga waje ba zai iya bambance gidan da aka saya da wanda hukuma ta bayar ba, domin duk ginin iri ɗaya ne. A wannan giɓi BNP ta shiga. Ta yaɗa jita-jitar cewa ana ba 'yan Afirka fam 50,000 don su sayi gida a yankin. Labarin ƙarya ne, amma a unguwar da aka daɗe ba a ga ɗan siyasa ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, babu wanda ya zo ya ƙaryata shi da wuri.

Kujera goma sha biyu

Kelley bai yi ƙarko ba. Kafin ya cika shekara ya ajiye kujerar, Labour kuma ta karɓe ta a zaɓen cike gurbi na watan Yunin 2005. Mai yiwuwa wannan ne ya sa shugabannin jam'iyyar suka ɗauka guguwar ta wuce, duk da cewa wata guda kafin nan, a babban zaɓen ƙasa, Richard Barnbrook na BNP ya samu kusan kashi 17 cikin ɗari a mazaɓar majalisar dokoki ta Barking, ƙuri'a 27 kacal ta raba shi da matsayi na biyu.

Ana saura makonni a yi zaɓen Mayun 2006, 'yar majalisa mai wakiltar Barking, Margaret Hodge, ta shaida wa wata jarida cewa takwas cikin goma na fararen fata 'yan ƙwadago a mazaɓarta na iya karkata ga BNP. Har yau ana gardama ko gaskiya ta faɗa ko talla ta yi wa abokan hamayya kyauta. BNP ta tsayar da 'yan takara 13 kawai a duk faɗin ƙaramar hukumar, 12 suka ci, ɗaya daga cikinsu bayan kotu ta gyara kuskuren da aka yi wajen sanar da sakamako. Labour ta samu kujera 38, Conservative ɗaya. BNP ta zama babbar jam'iyyar adawa a majalisar ƙaramar hukumar.

A Goresbrook kanta, inda kowane mai zaɓe ke da ƙuri'a uku don cike kujeru uku, BNP ta tsayar da mutum biyu, duka suka ci, Barnbrook ne ya zo na ɗaya. Kujera ta uku ta faɗa wa Labour, kuma da wuya a ce ba don rashin ɗan takara na uku daga BNP ba ne. Barnbrook ya zama jagoran adawa, a 2008 kuma ya shiga Majalisar Landan. Aikinsu a zauren majalisa bai taka kara ya karya ba. A 2009 an dakatar da shi na wata guda saboda wani bidiyo da ya ambaci kashe-kashen da ba su auku ba a yankin.

Abin da ya faru a 2010

Labarin da aka fi bayarwa shi ne cewa jama'a sun farga, suka juya wa BNP baya. Alƙaluman sun faɗi wani abu daban. A watan Mayun 2010 shugaban jam'iyyar, Nick Griffin, wanda a lokacin ɗan majalisar Tarayyar Turai ne, ya zo da kansa ya ƙalubalanci Hodge a Barking. Ya zo na uku da ƙuri'a 6,620, wato sama da 4,916 da Barnbrook ya samu a 2005, ko da yake an faɗaɗa iyakar mazaɓar a tsakani. Hodge ta samu fiye da 24,000. Masu zaɓen BNP suna nan ba su je ko'ina ba, waɗanda a da ba sa fita ne suka fito suka rinjaye su. An haɗa zaɓen kansiloli da na majalisar dokoki a rana ɗaya, abin da ya ɗaga yawan masu kaɗa ƙuri'a zuwa kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma Labour ta lashe kujeru 51 cikin 51.

Sai dai ba daidaituwar rana kaɗai ta yi aikin ba. Hodge, wadda ita kanta a Masar aka haife ta, iyayenta kuma Yahudawa ne da suka baro Turai, ta shafe shekara huɗu tana gayyatar mazauna unguwanni shan shayi tana sauraron kokensu. Gangamin Hope not Hate da ƙungiyoyin ƙwadago sun kawo ɗaruruwan 'yan sa-kai, aka kuma dage wajen yi wa sababbin mazauna rajista. Ƙaramar hukumar ta koma kan ƙananan abubuwan da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kamar tsofaffin katifu da tarkacen da masu ba da haya ke bari a gaban gidaje. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Morgan McSweeney, wanda a 2024 ya zama shugaban ma'aikatan ofishin Firaminista Keir Starmer. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son tunawa ba: a 2007 Hodge ta yi kiran a fifita iyalan da suka daɗe a ƙasar a kan sababbin zuwa wajen rabon gidajen hukuma, maganar da wasu 'yan jam'iyyarta suka ce aron bakin BNP ne.

Goresbrook ta ƙara nata ɗan abin mamaki. Ɗaya daga cikin kansilolin Labour da suka ci a ranar, aikinta tsallakar da yara titi a bakin makaranta, wato ma'aikaciyar ƙaramar hukumar ce, doka kuwa ba ta yarda ma'aikaci ya zama kansila a inda yake aiki ba. Dole aka sake zaɓe a watan Yuli. Barnbrook ya sake tsayawa, ita kuma ta sake kayar da shi.

Majalisa babu adawa

A 2014 da 2018 da 2022 Labour ta maimaita cin kujeru 51 gaba ɗaya. BNP ta tarwatse, kansilanta na ƙarshe a ƙasar ya sauka a 2018. Amma ƙorafin da ta hau a kai bai mutu da ita ba. A 2014 jam'iyyar UKIP ta zo ta biyu a mazaɓu da dama na yankin, a ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kuma kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓen Barking da Dagenham suka goyi bayan ficewa daga Tarayyar Turai, saɓanin akasarin Landan. A babban zaɓen 2024 jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta zo ta biyu a Dagenham da Rainham, shekara guda bayan nan kuma ta karɓe majalisu goma a wasu sassan Ingila, ciki har da ta Kent.

Adalci shi ne a ce Reform ba BNP ba ce. Ba ta da dokar launin fata, Musulmi ma, Zia Yusuf, ya taɓa shugabantarta, kuma tun zamanin UKIP Farage ke hana tsofaffin 'yan BNP shiga jam'iyyarsa. Abin da ya haɗa su shi ne filin da suke nema: ƙarancin gida, jerin gwanon jiran likita, da jin cewa an manta da mutum. Ita ma unguwar ta sauya. Yawan jama'ar ƙaramar hukumar ya tashi daga kimanin 164,000 a 2001 zuwa kusan 219,000 a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi ne. A yau wanda ke kukan tsadar haya a Becontree yana iya zama ɗan Legas ko ɗan Kumasi, ba lallai jikan ma'aikacin Ford ba.

Da yawa daga cikin waɗannan mutane suna da ƙuri'a. Ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke da izinin zama a Birtaniya na iya yin rajista ya zaɓi kansila da ɗan majalisa ba tare da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, saboda ƙasashensu na cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan ba shi da wannan dama sai ya zama ɗan ƙasa. Tun 2023 ana buƙatar shaida mai hoto a rumfar zaɓe a Ingila, kuma fasfon waɗancan ƙasashe uku karɓaɓɓe ne.

Kansiloli su ne ke da ta cewa a kan tsarin rabon gidajen hukuma, lasisin masu ba da haya, izinin gina masallaci ko coci, kwasar shara da harajin gida. A zaɓen 2022, wanda Labour ta share kujerun duka, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne ya fita kaɗa ƙuri'a a Barking da Dagenham, adadin da bai kai na waɗanda suka fita a Goresbrook ranar da Daniel Kelley ya ci ba.