Hoton hutu na kuɗi: laifin ba na mai kyamara ba ne

Duk wanda ya taɓa zuwa dandalin Trocadéro na birnin Paris da sassafe ya san abin da ake tararwa a wurin. Tun gari bai gama wayewa ba masu ɗaukar hoto sun kama wuri, kowa da mutanensa, ana gyara tsayuwa ana gyara mayafi, domin a samu hasumiyar Eiffel a baya kafin jama'a su cika dandalin. Haka abin yake a gindin Burj Khalifa a Dubai, haka yake a kan rufin benayen Istanbul. A ƴan shekarun nan ana ganin ƴan Nijar cikin masu tsayuwar: ɗan kasuwar Maraɗi da ya je sarin kaya, amarya da ango daga Yamai, ko ɗan Tawa da ke aiki a Beljiyam ya samu hutun kwana uku.

Abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Tun 2013 wani kamfanin Kanada mai suna Flytographer yake haɗa matafiya da masu hoto na garuruwan da za su je, kuma a Instagram da TikTok akwai masu yin aikin da kansu ba adadi. Mutum ya zaɓi gari, ya biya ta intanet, a haɗu a yi awa guda ana zagayawa, bayan ƴan kwanaki a turo masa hotunan an gyara. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Idan aka ce an biya euro 200, wanda ba abin mamaki ba ne a Paris, ya kama jika 131 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Ke nan awa guda ta cinye abin da ya ɗara albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci.

Da an kawo wannan lissafi a fada, hukuncin ba ya daɗewa: almubazzaranci ne, tunda kowa yana da waya mai kyamara a aljihu. Hukuncin ya yi gaggawa. Mai ɗaukar hoto ma'aikaci ne kamar tela ko magini, kuma abin da ya sani mai waya bai sani ba. Ya san yadda zai ɗauki baƙar fata cikin farar shadda da rana tsaka ba tare da fuskar ta dushe ko rigar ta ƙone da haske ba, abin da waya ke yawan kasawa. Ya san inda hasken safe ke faɗowa da lokacin da na la'asar sakaliya ke yin laushi. Sannan akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: wanda ke riƙe da waya ba ya fitowa a hoto. Iyalai da yawa sun dawo daga tafiya da hotuna ɗari uku, babu ko ɗaya da ya haɗa su duka. Wanda ya tara kuɗinsa ta halal, ya sauke nauyin gida, ya ga yana son hoto mai kyau na tafiyar da wataƙila ba zai sake yin irinta ba, babu wanda ya isa ya tuhume shi.

Ko aron kayan ado domin hoto ma ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Seydou Keïta, wanda ya yi suna a Bamako a shekarun 1950, yana ajiye rediyo da agogo da tabarau da babur a situdiyonsa, duk mai so ya riƙe a ɗauke shi. A Gana, Philip Kwame Apagya ya shahara a shekarun 1990 da labulen da aka zana wa jirgin sama ko firiji cike da abinci, mutum ya tsaya a gaba kamar zai hau ko zai buɗe. A Yamai kuwa Philippe Koudjina ya yi shekarun 1960 da 1970 yana ɗaukar samari da ƴammatan birnin cikin kwalliyarsu ta dare. Gidaje da yawa a Damagaram da Maraɗi har yau suna da irin wannan hoto a bango: maigida yana saurayi, hannu a kan rediyon da ba nasa ba, furen roba a gefe.

Sai dai a wancan zamani kowa ya san wasan. Wanda ya karɓi hoton ya san labule ne, ya san rediyon na mai situdiyo ne, domin shi ma ya tsaya a gaban labulen nan ranar Sallah. Yau labulen ya zama gari na gaske, kuma an ɓoye alamar aro. A Dubai ana ba da hayar mota mai tsada na awa ɗaya ko biyu, abin da ya isa a jingina da ita a ɗauka. A Mosko an taɓa samun kamfanin da ke ba da hayar ƙaramin jirgin alfarma yana ajiye a ƙasa, mutum ya shiga ya zauna a yi masa hoto ya fito, jirgin bai motsa ba. Mai hoton da ya iya aikinsa zai kawar da cunkoson jama'a, ya share gajiyar fuska, ya miƙo hoton da babu wanda zai ce ba haka rayuwar mutumin take kullum ba. Hoton nan sai ya faɗo cikin zauren WhatsApp na dangi, ba kalma ko ɗaya a ƙarƙashinsa.

Wanda ya fara biyan kuɗin wannan shiru shi ne mai hoton kansa. A ɗauki saurayin da ke wanke kwanoni a gidan abinci a Turai, su huɗu a ɗaki guda, yana turo abin da ya samu duk ƙarshen wata. Ranar da hotonsa ya iso gida yana jingine da mota ja, lissafin dangi ya sauya. Kawu ya tuna rufin ɗakinsa, ƙanwa ta tuna kayan ɗakin aurenta, abokin ƙuruciya ya tuna jarin da aka yi masa alkawari. Idan ya ce babu, ba mai yarda, tunda ido ya gani. Mahaifiyar da ta saba yi masa uzuri sai ta fara tunanin ko ɗanta ya samu duniya ya manta da ita. Jika 131 ya biya a Paris, amma zargin rowar da zai biyo baya zai iya kai shekaru yana bin sa.

Na biyu shi ne ƙanen da ke zaune a fada yana jiran shayi na uku, ba aiki, ga waya a hannu. Ba hoto ke korar matasa daga gida ba. Talauci ne, da rashin aikin yi, da damina mai gardama, kuma mutanen Tawa da Damagaram sun san tafiya biɗa tun kafin a ƙirƙiro Facebook. Amma hoto yana nuna alƙibla, yana kuma rage nauyin hatsarin a zuciyar mai kallo. Tun da aka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba na 2023, hanyar Agadez ta sake buɗewa a fili. A ɗaya gefen kuma motoci ba su daina sauke waɗanda Aljeriya ta koro a kusa da Assamaka ba, su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi. Waɗannan ba su da mai ɗaukar hoto. Saurayin da ke shawarar sayar da babur ɗinsa na kabu-kabu yana ganin gefe guda ne kawai na labarin, kuma wansa ne ya turo masa shi.

Akwai amsar da ƴan ci-rani ke bayarwa, kuma tana da nauyi. Mutumin da ya shekara yana aikin da ba ya so a gani, cikin sanyi, wani lokaci cikin wulaƙanci, yana da haƙƙin ya sa kayansa masu kyau rana guda ya ga kansa a matsayin mutum mai daraja. Wasu kuma suna turo hoton ne domin hankalin iyaye ya kwanta. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke cewa ya turo hoton bandakin da yake wankewa. Amma tsakanin wannan da motar haya akwai fili mai faɗi. Kalma biyu sun isa: hutu ne na kwana biyu, an tara masa kuɗi wata shida, motar ta haya ce. Wanda ya ji kunyar rubuta haka a ƙarƙashin hoton, ya riga ya san abin da yake so hoton ya faɗa a madadinsa.

Kuma tunda an biya ƙwararre, me ya sa za a kai shi inda kowa ke tsayawa? Ɗan kasuwar da ya yi shekara goma yana zuwa Dubai, rayuwarsa a Deira take, cikin shagunan sari da ƙananan kwale-kwalen da ke tsallaka da mutane a dirhami ɗaya. Mai zuwa Istanbul ya fi sanin Laleli da kowane gidan sarauta. Wanda ke Paris, kasuwar Château-Rouge ce inda yake sayen kuɓewa da busasshen kifi, can yake haɗuwa da ƴan gida. Hoton da ƙwararre zai ɗauka a irin waɗannan wurare yana iya fin na gaban hasumiya kyau, kuma shi ne jikoki za su tsaya su kalla, domin hasumiyar Eiffel tana nan tun 1889, hotonta ya cika duniya, amma shagon da kakansu ya fara sari ba kowa ya ɗauke shi ba.

Akwai kuma abin da masu biya ke mantawa su tambaya. A ƙasashe da yawa, biyan kuɗin aiki bai mayar da haƙƙin mallakar hoton ga wanda aka ɗauka ba, yana nan hannun mai kyamara, kuma da yawansu da hotunan mutanen da suka ɗauka suke tallar kansu. Matar aure ko budurwar da ta yi hoto domin kanta da danginta tana iya wayar gari ta ga fuskarta a shafin da dubban mutane ke bi, daga nan wani ya kwafa ya kai inda ba a zata ba. A garuruwan nan an san abin da hoto guda ke iya yi wa aure ko baiko. Don haka kafin a ba da kafin alƙalami a rubuta a saƙo, ko da na WhatsApp ne: ba a yarda a wallafa ba, hoto nawa za a bayar, yaushe, kuma a turo su da cikakken ingancinsu, tunda WhatsApp yana rage musu kyau idan ba a matsayin takarda aka aiko su ba. Dokar wuri ma abin kula ce. A Daular Larabawa ɗaukar mutum hoto ko wallafa shi ba da izininsa ba laifi ne da ke kai ga tara ko kurkuku. Maroko tana ƙwace ƙaramin jirgin ɗaukar hoto a filin jirgi idan ba a zo da izini ba. A Makka da Madina hukumomi sun sha roƙon masu Umra su daina tare hanya da shagala da hoto a cikin Harami.

Inda kuɗin hoton hutu ya fi yin amfani kuwa, ba a cika kai shi can ba. Ƴan ci-rani da yawa hutunsu na gaske a gida suke yin sa, a watannin Yuli da Agusta ko lokacin Sallah. Suna zuwa da akwatunan tsaraba, su yi wata guda, su koma da hotunan waya masu duhu da aka ɗauka a gurguje ranar tafiya. Mutumin da bai yi ciniki ba a Paris, shi ne zai tsaya yana taya mai hoton unguwarsu kamar yana sayen tumatir. Alhali masu hoton Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda waya ta rage musu kasuwa har suka dogara da biki da hoton katin shaida, cikinsu akwai matasa masu kayan aiki da ido, kuma rabin kuɗin awar Paris zai sa ɗayansu ya yini tare da iyali.

Abin ɗauka ba ya ƙarewa. Ga unguwar Birni da ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ga tafkin Madarunfa, ga bakin kogi a Yamai da yamma, ga hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Amma waɗannan ma suna nan, za su jira. Waɗanda ba za su jira ba su ne tsohuwar da ke bakin murhu, da tsohon da ke kan buzunsa a zaure, da gonar gero a tsakiyar damina kafin a raba gado a sayar. Mai dawowa gida sau ɗaya a shekara uku ya san ba kowace fuska zai sake tararwa ba.

A nan ma da ladabinsa. Akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba a yi musu dabara a ɗauke su a ɓoye. Matan gida a tambaye su, a kuma gaya musu inda hoton zai tsaya. A halin tsaron da ake ciki, ba a ɗaga kyamara kusa da sojoji, barikoki, filin jirgi ko gadojin Yamai, kuma mai hoton gari ya fi baƙo sanin inda ake tsayawa.

Idan an gama, a wanke kaɗan daga ciki a takarda, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. A yi kofi biyu, ɗaya ya zauna a gida ɗaya ya bi mai tafiya, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki da shekarar a bayan kowanne.