Kama da Wane Ba Ta Wane: Mu San Ƙumar Ruwan Kududdufanmu

Duk wanda ya ɗebi ruwa a kwalba daga ɗaya daga cikin kududdufan da suka rage a gefen ganuwa, tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa, ya ɗaga ta sama ya fuskanci rana, zai ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare suna zillo a ciki. Tsawon kowanne bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba. Waɗannan su ne ƙumar ruwa, ko da yake ba su haɗa komai da ƙumar da ke jikin kare ba, domin danginsu su ne ƙaguwa da jatan lande. Masana suna kiran rukuninsu kofifod, kuma an bayyana jinsinsu fiye da 10,000 a teku da tafkuna da rijiyoyi. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da jami'o'inmu na Arewa za su tantance jinsin da ke ruwanmu ta hanyar binciken DNA, su adana sakamakon inda kowa zai iya dubawa.

Mai karatu zai ce, ina ruwan wani da sunan abin da ido da ƙyar yake gani? Amsa tana cikin tarihin kurkunu.

Ɗalibai da yawa ba su taɓa ganin mai kurkunu ba, amma iyayensu sun san yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. Tun wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yan tsutsar ba sa shiga jikin mutum kai-tsaye. Sai ƙumar ruwa ta haɗiye su, sun yi kamar mako 2 a cikinta, sannan mutum ya sha ruwan da ƙumar. Bayan kamar shekara ɗaya tsutsar ta huda fata ta fito, wani lokaci tsawonta ya kai mita guda. A ƙidayar da aka fara a 1988 an sami masu cutar fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da zuba maganin Abate a tafkuna, da haƙa rijiyoyin burtsatse aka ci ƙarfinta. An ga mutum na ƙarshe a Jihar Enugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar shaidar rabuwa da ita.

Abin lura shi ne, jinsin ƙumar ruwa sun bambanta wajen ɗaukar tsutsar. Ɗan ƙasarmu, Sanya Onabamiro na Ibadan, ya nuna a 1951 cewa a ƙauyen da ya yi bincike a kudu maso yamma, jinsin da ake kira Thermocyclops nigerianus ne ke yaɗa cutar. Shi ne kuma ya bayyana wani sabon jinsi a 1957 ya sa masa suna Mesocyclops ogunnus. Aikinsa da madubin likita ya yi shi, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Sai an sami balagaggiyar mace, an fiɗe ta da allura mai tsinin gaske, an ciro ƙafarta ta biyar, an ƙirga gashin da ke jiki. 'Ya'yan kuwa, waɗanda sukan bi matakai 11 kafin su balaga, kusan ba a iya rarrabe su ta siffa, alhali sau da yawa su ne suka fi yawa a cikin kwalbar.

Ga inda ido ya yaudari masana. Shekaru da dama ana rubuta cewa jinsin Mesocyclops leuckarti yana ko'ina a duniya, har da tafkunan Afirka. Da Isabella Van de Velde ta Beljiyam ta sake nazarin samfuran Afirka a 1984, sai ta tabbatar da cewa babu shi a nahiyar sam. Jinsi daban-daban ne masu kama da juna aka haɗa aka ba su suna ɗaya. Ke nan duk wani tsohon rahoto da ya ambaci wannan suna a ruwan Nijeriya yana buƙatar a sake duba shi. Masu nazarin teku ma ba su tsira ba. A arewacin Tekun Atilantika akwai jinsi biyu, Calanus finmarchicus da Calanus glacialis, waɗanda su ne babban abincin kifayen yankin. An daɗe ana raba su da tsawon jiki, sai binciken DNA da aka buga a 2017 da 2018 ya nuna cewa a mashigan ruwan Norwe wannan ma'auni yana kuskure, ana lissafa wancan a matsayin wannan. Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

To, yaya binciken DNA yake raba gardama? DNA rubutu ne na gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta, kuma haruffansa 4 ne kacal: A, C, G da T. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a zaɓi guntu ɗaya na wannan rubutu, mai suna COI, wanda tsawonsa ya kai haruffa kusan 650, a mai da shi tamkar lambar shaida ga dabbobi duka. Ana narka ƙuma ɗaya a ciro DNA ɗinta, a hayayyafa guntun nan zuwa miliyoyin kwafi da dabarar PCR, sannan na'ura ta karanta jerin haruffan. 'Yan jinsi ɗaya bambancinsu kaɗan ne, amma tsakanin jinsi biyu na kofifod sau da yawa yakan haura kashi 10 cikin 100. Ƙwai ne ko ɗa ko guntun ƙafa, rubutun bai canza ba. Ann Bucklin ta Amurka da abokan aikinta sun yi amfani da wannan hanya a babban shirin ƙidayar ƙananan dabbobin teku da aka gudanar daga 2004 zuwa 2010. A yau har ana iya niƙe duk abin da koma ta kamo a karanta shi gaba ɗaya.

Amma fa kada ɗalibi ya ɗauka na'ura ta san sunan kowa. Abin da take bayarwa jerin haruffa ne kawai, sai an kwatanta shi da abin da ke cikin rumbunan bayanai irin su BOLD da GenBank. Idan ba a taɓa shigar da ƙumar Tiga ko ta Challawa ba, kwamfuta za ta ce ba ta san ta ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ta liƙa mata sunan wata 'yar uwarta ta Turai. Mafi yawan abin da ke rumbunan nan daga ƙasashen da suka zuba kuɗi a aikin ya fito. Don haka ban yarda da masu cewa zamanin madubin likita ya wuce ba. Dole sai ƙwararre ya fara tantance dabbar da ido, an ajiye samfurinta, sannan a ɗaura mata lambar DNA. Jami'ar da ta sayi na'ura ta bar horar da masu fiɗar ƙuma ta gina ɗaki ne ba harsashi.

Akwai masu cewa kurkunu ya tafi, kuɗin bincike kuma ba yawa, gara a kashe su kan zazzaɓin cizon sauro. Maganarsu tana da nauyi, sai dai kurkunu bai yi nisa ba. Ya sake bayyana a Chadi a 2010, kuma daga 2012 aka riƙa ganinsa a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar Kogin Chari, har adadinsu ya kusa 2,000 a 2019. Binciken DNA ne ya tabbatar da cewa tsutsar karnukan da ta mutane jinsi ɗaya ce. An kuma sami karnuka masu cutar a arewacin Kamaru. Kogin Chari a Tafkin Chadi yake zuba, kuma masunta da fataken kifi ba su san iyaka ba. Ƙasar da ba ta san waɗanne jinsin ƙuma ke tafkunanta ba, da watan da suke yawaita, ba za ta san inda za ta fara sa ido ba. Batun sauro kuwa, wasu jinsin Mesocyclops suna cin 'ya'yansa, har a Biyetnam an riƙa zuba su a tankunan ruwa tun shekarun 1990 don yaƙi da sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi. Wasu jinsin ne suka iya wannan farauta, wasu ba su iya ba. Ban da haka, ƙumar ruwa abincin 'ya'yan kifi ce, abin da ya shafi duk mai kiwon tarwada.

Ƙwarewar kuma akwai ta a gida. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ta karanta dukan rubutun gadon ƙwayar cutar korona a Maris 2020, karo na farko a Afirka. Haruffa 650 ba za su gagari ƙasar da ta yi wannan ba. Abin da ya kamata shi ne Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su haɗa hannu da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta New Bussa, su fara da madatsun ruwa da tafkunan da mutanen karkara ke sha.

Makarantun sakandare ma suna da rabonsu, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Malamin kimiyyar halittu zai iya ɗinka 'yar koma da ƙyalle mai ƙananan idanu, a ɗaura ta a dogon gora, a ja ta daga bakin ruwa. Kada a bar yaro ya shiga ciki, saboda tsargiya da zurfin da ba a sani ba. A raba abin da aka kamo kashi biyu: ɗaya a duba a aji, ɗaya a zuba a kwalba da alkohol mai ƙarfi, kashi 95 cikin 100, ba fomalin ba, domin fomalin yana lalata DNA. A rubuta wuri da kwanan wata da fensir a kan takarda a jefa ciki. A maimaita haka a farkon damina, da tsakiyarta, da lokacin hunturu, sannan a miƙa kwalaben ga sashen kimiyyar halittu na jami'a mafi kusa. Kududdufan cikin birnin Kano su ya kamata a fara da su, tun da ana ta cike su da ƙasa ana gini a kai, kuma wanda aka cike ba za a ƙara ɗibar samfuri a cikinsa ba.